Karan da Muka Ajiye wa Baffa

A garinmu gonaki a matse suke. Idan ka yi atishawa a gonarka, maƙwabcinka ne zai ce maka yarhamukallah daga tasa. Babu gonar da ake bari ta huta, kowace shekara sai an noma ta, shi ya sa taki a wurinmu ya fi turare daraja. Na taɓa ganin dattawa biyu sun daina gaisawa a kan kashin jaki, don jakin ya tsaya ne daidai kan iyaka.

Idan an sare dawa, an yanke kawunan, an ɗaure dammuna, kowa sai ya yi maza ya kwashe karansa ya kai gida, domin ba a daɗewa mai unguwa zai sa a yi shelar sakin dabbobi. Daga ranar shela, abin da akuya ta samu a gona halalinta ne. Gonaki uku ne kawai a bayan gari ba a kwashe musu kara: tamu a tsakiya, ta tela a gabas, ta wanzami a yamma. Wannan karan, da ganyensa da harawar waken da ke cikinsa, na Baffa ne.

Baffa ba baffanmu ba ne na jini. Bafillace ne daga can Nijar, haka Baba yake kiransa tun yana yaro, mu ma muka gada. Abokin kakana ne, mahaifin Baba, wanda mu jikoki muke ce wa Tsoho saboda wasan da ke tsakaninmu. Duk shekara, dawa na shiga rumbu, sai ka ji kukan shanu daga arewa. Baffa ya kafa bukkarsa a gindin gawon da ke gonarmu, shanu su ci kara, su kwana a wurin, bayan 'yan kwanaki a matsar da makwancinsu gaba, har sai kowane lungu na gonakin uku ya samu rabonsa na taki. Tsoho ya ba shi dammunan dawa da ruwan rijiyarmu, matan rugar su kawo mana nono. Babu wanda ya taɓa zama ya tsara wannan, haka muka taso muka gani. Dawarmu kuwa, idan damina ta yi kyau, sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi kafin ka hango kanta.

Gaisuwarsu ma iri ɗaya ce duk shekara. Baffa zai dogara sandarsa a ƙofar zaure ya ce, “Kaɗo, har yanzu ba ka mutu ba?” Tsoho ya ce, “Ina jira ka iya Hausa tukuna, don mu samu yaren da za mu yi bankwana.” Daga nan sai shayi, sai hira har rana ta karkata.

Ni kuma ina da tawa abokiyar gabar a garken, wata jar saniya mai karyayyen ƙaho. Ban san abin da na yi mata ba. Cikin mutum ɗari za ta tsallake casa'in da tara ta nufo ni. Ita ce ta koya mini hawan gawo, ƙaya da komai, ba tare da na nemi darasi ba.

A daminar da nake ba da labari, rediyo ta faɗi cewa sojoji sun karɓe mulki a can ƙasar su Baffa. Namu shugabannin suka yi fushi, aka rufe iyaka, aka yanke musu wuta, har ana maganar yaƙi. Can kuma sai muka ji sun ce sojojin Faransa su tattara nasu ya nasu, suna neman sababbin abokai, ana ta ambaton Rasha da Amurka. Majalisar da ake yi a ƙofar shagon tela ta koma kamar ita ake jira ta yanke hukunci. Wanzami, wanda iyakar tafiyarsa a duniya Rijiyar Zaki ce, wata unguwa a bakin birni, ya zama masanin Rasha, yana ba da labarin sanyinta kamar can aka yanke masa cibiya. Tela ya ce shi ba ya bayan kowa, amma duk wanda ya yi magana sai ya gyaɗa masa kai. Ni ina gefe ina kwashe kalmomi: ƙawance, takunkumi, yarjejeniya, janye dakaru. Har Inna na sanar wa na sa mata takunkumi ranar da ta hana ni ƙanzo, ita kuma ta mayar da martani da muciya.

Tsoho bai cika sa baki ba. Tambaya ɗaya ya yi, ranar da aka faɗi rufe iyaka. Ya ce su kuma shanu fa, su ma an rufe musu? Aka yi dariya. Ya ce saniya ba ta san iyaka ba, inda ta ci bara nan take nufa bana.

Da girbi ya matso, Baba ya kira lambar babban ɗan Baffa. Sai da aka yi ta gwadawa kafin ta shiga, Baba yana tsaye a kan turmi don neman sabis. Aka miƙa wa Tsoho wayar, ya riƙe ta nesa da kunne yana magana da ƙarfi, yadda ko babu waya ina jin da an ji shi a Nijar. Baffa ya ce hanya ta lalace. A babbar hanya ana tare dabbobi, a ta daji kuma akwai ɓarayi masu bindiga. Amma ya ce suna tafe da zarar an samu sarari. Baba ya ji “hanya ta lalace”, Tsoho kuma “muna tafe” kawai ya ji.

Ran nan bayan sallar la'asar Tsoho ya tara tela da wanzami a zaurenmu. Suka amince ba wanda zai taɓa karansa sai Baffa ya iso. Wanzami har da dukan ƙirji, ya ce shi ba ya cin amana, ba kamar wasu manyan ƙasashe ba. Matsala ɗaya ce, ba a taɓa yin shelar sakin dabbobi Baffa bai zo ba. Bana kuwa aka yi. Mai shela ya zaga gari da safe, kafin azahar duk akuyar da ke garin ta san akwai gonaki uku shaƙe da kara da harawa, babu sanda, babu kare.

Nan aka naɗa ni. Tsoho zai riƙa zama da safe, ni kuma daga tashi makaranta har faɗuwar rana. Tela ya ba da ɗansa, sa'ana, wanzami ya ba da tagwayensa, waɗanda ko mahaifiyarsu sai ta duba tabo take bambanta su. Na ba kaina muƙamin janar, tunda babu wanda ya nema. Makamanmu danƙo da hoge da wata tsohuwar garwa da muke bugawa. Na raba aiki: tagwaye a yamma, ɗan tela a gabas, ni a kan gawo ina duba fagen fama, ina kuma cin gyaɗar rundunar don kada ta lalace.

Wanda bai yi gadin gona da rani ba bai san akuya ba. Akwai wata baƙar akuya ta wata tsohuwa mai ƙosai, na rantse ta fi wasu masu mulki dabara. Sai ta turo ƙanana ta gabas su yi kamar za su shiga, mu ruga can gaba ɗaya, ita kuma ta jagoranci manyan ta yamma. Idan na harbe ta da danƙo sai ta tsaya ta dube ni, tana tauna, kamar tana cewa za mu haɗu. Awakin garin Tofa ma na tabbata labari ya kai musu, don na ga fuskokin da ban sani ba. Duk da haka mun riƙe wuta. Da yamma Tsoho yakan zo ya zaga, ya taɓa kara da sandarsa, ya tsaya yana kallon arewa. Idan na ce masa ko tsuntsu bai shiga ba, sai ya ce maƙaryaci, ga kashin akuya nan ɗanye. Amma yana faɗa yana murmushi.

Sai ga wani Alhaji daga Bici a cikin a-kori-kura. Kiwon turke yake yi, bijimai da raguna, kuma tun da aka rufe iyaka dabbobi suka yi tsada kasuwarsa ta buɗe, yana neman abincin dabbobi ido rufe. Ba kuɗi ya zo da su ba, ya san abin da ke ran manomi. Buhunan takin zamani ya sauke a ƙofar shagon tela, farare tas, ya ce duk mai kara ya ba shi ya ɗauki taki.

Wanzami ne ya fara. Washegari na zo aiki na tarar gonar yamma an share ta kamar masallaci. Da Tsoho ya tambaye shi, ya ce shi bai fita daga ƙawance ba, faɗaɗa shi ya yi. Tagwaye suka janye ba tare da sun sanar da janar ɗinsu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, da la'asar na hango awakin gidan wanzami a sahun gaba na abokan gaba, tagwayen na bayansu suna fito.

Tela ya fi iya tafiya. Ya ba da rabin karansa, ya bar rabi, ya ce shi ɗan ba-ruwana ne. Da safe ya gaida Tsoho har ƙasa, da yamma ya sha lemo a motar Alhaji. Ɗansa ya ci gaba da zuwa, amma sai na saya masa awara, kuma kullum sharuɗɗansa ƙaruwa suke, har ya kai ga neman yaji daban. Ba a jima ba ɗaya rabin ma ya hau mota. Ɗan tela ya zo ya ajiye mini garwa a gindin gawo, ya ce babansa ya ce ya koma koyon ɗinki. Bai iya kallon idona ba, ni ma ban tsokane shi ba, abin da ban taɓa yi ba.

A gida kuma Baba ya shiga lallashin Tsoho. Ba ya ɗaga murya a gaban mahaifinsa, sai dai ya zauna a ƙasa ya yi ta kewaye. Ya ce kara ba ya jira, gara na nan. Ya ce idan babu shanu kuma babu takin zamani, da me za a ciyar da gonar? Ya ce ko Baffa da kansa aka tambaya zai ce a bayar. Aka sake gwada wayar, ba ta shiga. Tsoho ya ce idan mutumin nan ya ratso daji da yunwatattun shanu ya tarar da fili fetal, da wane ido zai dube shi?

Alhajin da kansa ya zo har gona. Mutum ne mai ladabi, ya cire takalmi ya durƙusa, ya ce, “Baba, a taimaka mini da karan nan, ni kuma in taimaka wa gonar.”

Tsoho ya ce, “Alhaji, ai an riga an bayar.”

“Wa aka ba, Baba?”

“Mai shi yana hanya.”

Alhaji ya dubi arewa, inda Tsoho yake duba. Babu komai sai kukoki. Ya yi godiya, ya sa takalminsa ya tafi.

Na rage ni kaɗai, janar ba runduna. Na koma sulhu. Na je wurin tsohuwa mai ƙosai na roƙe ta ta ɗaure baƙar akuyarta, ni kuma in riƙa ɗebo mata ruwa. Ta karɓi ruwan, ta ɗaure akuyar da wani zare da ko kaza ba zai riƙe ba. Na sare ƙaya na yi shinge, awaki suka mayar da shi abin motsa jiki. Na yi baƙi, na rame, muryata ta dushe saboda kora, har malaminmu ya tambaya ko na fara tallan kifi ne. A rediyo kuma kullum ana cewa ana tattaunawa. Wakilai sun tafi, wakilai sun dawo, an ɗage zama. Tsoho ya daina zuwa majalisar tela. Ya ɗauki rediyonsa ya koma gindin gawo, ko da ba lokacin gadinsa ba ne, yana murɗa ta daga tasha zuwa tasha ko zai ji an ce an buɗe.

Ashe duk wannan yaƙin da nake da na sama, na ƙasa sun gama da mu. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Tsoho ya zaga kamar yadda ya saba. Ya sa sanda ya ɗaga wani tarin kara, sai ya ruguje. Ciki duk jar ƙasa ce, gara ta cinye ta bar ɓawo. Ya matsa gaba ya ɗaga wani, haka. Ya bi layi guda har ƙarshensa yana ɗagawa, ina biye da shi. Ganyen ya daɗe da kakkaɓewa, harawar ta zama gari. Abin da na yi ta karewa da danƙo, ko maraƙi biyu ba zai ƙosar ba.

Ya dawo gindin gawo ya zauna, ya kashe rediyon. Can ya ce, “Janar.” Bai taɓa kirana haka ba, ban ma san ya san muƙamin ba. “Janye ƙayar nan. Bar su su ci abin da ya rage.”

Na ce ko mu ƙara ko da mako guda ne. Ya girgiza kai.

Na janye ƙayar. Awaki suka tsaya daga nesa suna kallona, sun ɗauka tarko ne. Baƙar ce ta fara shiga, a hankali, ta shinshina nan ta shinshina can, ta ɗago ta dube ni. Na ɗauka zan ji haushi. Kunya na ji, kamar wanda ya yi gayyar biki aka zo aka tarar tukunya babu komai.

Damina ta zo ta faɗi gaskiya. Dawar tela da ta wanzami suka yi kore shar, tamu a tsakiya ta tsaya ja-ja, gajera, ciyawar wuta-wuta ta yi mata fure ko'ina. Ɗan takin awakin gida da tokar murhu da muka kai a mangala bai kai ko'ina ba. Duk mai wucewa ta hanyar kasuwa sai ya rage tafiya ya duba. Baba bai taɓa cewa ai na faɗa ba, kuma da ya faɗa da ya fi sauƙi. Rumbunmu bai cika ba. Da aka gama girbi, Baba da bai taɓa kwana a wani gari don neman abinci ba, ya ɗaure kayansa a buhu ya tafi Rijiyar Zaki leburancin gini. Kafin ya tafi ya kira Alhajin Bici ya kwashe karan bana, ya ajiye buhunan taki a zaure. Tsoho yana zaune a wurin aka shigo da su. Ya ɗan janye ƙafarsa don su wuce.

A tsakanin nan rediyo ta ce namu ɓangaren ya buɗe iyaka. A majalisa aka yi ta muhawarar wa ya ci wa ya faɗi, wanzami ya ce tun farko shi ya san haka za a yi.

Baffa ya zo bayan shelar sakin dabbobi, a bayan babur, shi kaɗai, da sandarsa da wata 'yar roba ta man shanu. Ban gane shi da farko ba, don ban taɓa ganinsa babu shanu a bayansa ba. Ya dogara sandar a ƙofar zaure ya ce, “Kaɗo, har yanzu ba ka mutu ba?” Tsoho ya buɗe baki zai ba da amsar da ya saba, sai tari ya sarƙe shi, ya kama hannunsa kawai ya zaunar da shi.

Wurin shayi ya ba da labari. Ranin da ba su zo ba, ciyawa ta ƙare musu a can, wasu shanun suka mutu, wasu aka sayar da su a wulaƙance. 'Ya'yansa suka kora ragowar zuwa yamma, suka samu wani manomi a cikin ƙasarsu ya ba su masauki. Sun ce ba za su ƙara jefa dukiyarsu a hanyar da za a iya rufewa da magana ɗaya a rediyo ba. Shi kuma ƙafa ta gaza, ba ya bin garke. Ya zo ne kawai a gaisa. Na tambaye shi jar saniya mai karyayyen ƙaho. Ya yi dariya, ya ce tana cikin na farko da aka sayar, mahauci ya saye ta. Na daɗe ina yi mata fatan wuƙa, amma da na ji, sai na ajiye shayina ban ƙarasa ba.

Da rana ta yi sanyi ya ce a kai shi ya ga gonar. Muka tafi mu uku, su biyu a gaba suna jan ƙafa, ni a baya. Gonakin uku duk a share, babu ko sili. Gawo ya zubar da 'ya'yansa, awaki na tsinta. Baffa ya tsaya daidai inda yake kafa bukka, ya dubi fili, ya gyaɗa kai.

Ya ce, “Ka kyauta da kake kwashewa, Kaɗo. Bara na yi ta tunani, na ce Allah ya sa mutumin nan bai yi wautar jirana ba.”

Na ja numfashi. Labarin duka yana bakina, da garwa da ƙaya da gara da Baba da ke ɗaukar bulo a birni, kuma a rayuwata ban taɓa riƙe labari ya kwana ba. Sai na ji kan sandar Tsoho a kan babban yatsana na ƙafa, ya danna.

Ya ce, “Wa zai jira ka? Kai wane ne?”

Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki, Tsoho ma ya taya shi. Suka juya suka nufi gida suna gardamar wanda ya fi tsufa.

Kwana ya yi mana ya koma. Man shanun Inna ta yi ta tattalinsa, Tsoho kaɗai ake sa wa a tuwo, har ya ƙare. Robar tana nan, gishiri muke zubawa a ciki. Bana ma Alhajin Bici ne ya kwashe karan, tun kafin a yi shela, kuma ni na taya yaransa lodi.